Uwar Garke, Wadda Ta Ƙi Tsallake Layi

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi abinSa. Kin rasu, Yaya, kina da shekara arba'in da bakwai. Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma.

Muna tsaye ne a gaban farin allon ofis, muna ɗan taron nan da ke kika ɗora mu a kansa, inda kowa ke faɗin abin da ya yi jiya da abin da ya tsaya masa a wuya, sai wayata ta yi ƙara. Maigidanki ne. Bai ja magana ba. Ya ce kin cika, kuma da kalmar shahada a bakinki, ya ce in sanar da mutanenki. Na juyo, Mai Zane ta dubi fuskata, ta ajiye alƙalamin allo, ta zame ta zauna a ƙasa. Dogo ya fita baranda ya kama ƙarfe ya tsaya. Manaja, wanda ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba, ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen riga.

Ina rubuta wannan ne domin yawancin waɗanda aikinki ya taɓa rayuwarsu ba su san da ke ba, kuma ke kika so haka. Amma yanzu ba kya nan balle ki hana ni.

Ga wanda bai san mu ba, kamfaninmu ƙarami ne, mu goma sha huɗu, a hawa na biyu, saman wani shagon sayar da tayoyi. Muna gina manhajojin da manyan ma'aikatu ke gudanar da aikinsu da su ta intanet. Irin wannan manhaja tana da fuska, tana da ciki. Fuskar ita ce abin da ma'aikaci ke gani yana dannawa, kuma Mai Zane ke da ita. Cikin kuwa yana can a babbar kwamfutar da muke kira saba, inda ake ajiye bayanai, ake yanke wa ya isa ya ga me, wa ya riga wa, me ya halatta me bai halatta ba. Ba wanda ke ganin wannan ɓangaren sai ranar da ya lalace. Shi ne naki.

Daga nan sunanki na ofis ya fito. Wata shekara kin tafi hutun haihuwar autanki, abubuwa suka rikice mana, sai Dogo, mai kula da injinanmu, ya mayar da wayarsa Hausa don wasa. Ya buɗe wani shafi, wayar ta rubuta masa cewa an kasa samun uwar garke, wato saba. Ya ɗaga wayar yana nuna wa kowa, yana cewa wallahi ko wayar ma ta san kin tafi hutu. Da kika dawo kika tarar sunan ya bi ki. Ba ki ji haushi ba. Kika ce ai dama an yi daidai, tunda likitan dabbobi kike aure, uwar garke ba ta faɗa hannun banza ba.

Shekara goma sha biyu ke nan da na fara shigowa ofishin nan neman aiki, ina ji da kaina, na jero sunayen sababbin kayan aikin da na iya kamar mai talla. Kika bar ni na gama. Sannan kika miƙo mini takarda ɗaya da aka buga kod a kai, wato rubutun da kwamfuta ke bi, da fensir, kika sa yatsa a layi na goma sha bakwai, kika tambaye ni me zai faru idan wuta ta ɗauke daidai nan. Na duba, na sake dubawa. Na ce ban sani ba. Daga baya kika gaya mini cewa wannan amsar ce ta ba ni aikin, don mutum biyar sun riga ni zama a kujerar, kowa ya ƙirƙiro amsa. Tun makon farko kika laƙaba mini Mai Sauri, kuma ba yabo ba ne.

Aikin da za a fi tuna ki da shi shi ne manhajar jini. Asibitoci ashirin da uku ne suka haɗu suna son su riƙa ganin jinin da ke firjin juna. Kafin nan, idan mara lafiya na bukatar jini, sai ma'aikaci ya ɗauki waya yana kiran asibiti bayan asibiti, wani ya ɗauka wani bai ɗauka ba, alhali a wani wurin leda tana nan har ranarta ta wuce a zubar. Da aka ba mu aikin, ni na ɗauka washegari za mu fara rubutu. Sai kika ɗauki littafi da biro kika tafi ɗakin jini na babban asibiti, kika nemi kujera a kusurwa, kika yi mako uku kina kallo. Shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta ɗauka an aiko ki leƙen asiri ne, kwana huɗu ba ta amsa gaisuwarki da kyau ba. Kika ci gaba da zuwa. Kika koyi yadda ake karanta takardar da ke jikin ledar jini, da kwana nawa jini ke yi, da dalilin da ya sa Sista ke ɓoye leda biyu a can ƙuryar firji ba ta rubuta su a rajista ba. Ba ki kai ƙararta ba. Kika tambaye ta dalili, ta ce na masu haihuwa ne, don ta gaji da ganin mace na zubar da jini firji ba komai. Kika dawo ofis kika ce mana wannan ɓoyon shi ne doka ta farko da za mu rubuta a cikin manhajar, a fili, a kira ta ajiyar masu haihuwa.

Mun yi gardama da ke a kan ginshiƙin da za mu ɗora aikin. Ba wanda ke gina irin wannan manhaja daga ƙasa. Akwai ginshiƙai da wasu suka riga suka kafa, masu kula da shiga da fita da tsaro da magana da rumbun bayanai, kai kuma ka ɗora ɗakunanka a kai. Ni ina son wani sabo da duniya ke yayi a lokacin. Ke kika zaɓi wani tsoho, mai shekara fiye da goma, wanda samari ke yi wa dariya. Kika ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma kina son ginshiƙin da dubban mutane suka riga suka yi tuntuɓe a kansa suka gyara wurin. Wancan sabon da nake so, yau shekara shida ke nan da masu shi suka watsar da shi.

Gardamar da ta fi zafi kuwa da Manaja kika yi ta. Ginshiƙin da kika zaɓa buɗaɗɗe ne, haka rumbun bayanan, haka duk kayan da muka yi aiki da su: kowa na iya buɗe cikinsu ya karanta, ya gyara, ya ɗauka ba tare da neman izinin kowa ba. Ke kika ce namu aikin ma haka za mu bar shi, mu miƙa wa asibitocin kod ɗin gaba ɗaya. Manaja ya ce wannan ai sakin akuya ne a kama igiya, gobe za su iya sallamarmu su ɗauki wasu. Kika ce to sai mu yi aikin da ba za su so sallamarmu ba. Kika ƙara da cewa ba za ki gina wa marasa lafiya rijiya ba sannan ki tafi gida da guga. Sati biyu kuna gaisawa sama-sama. Daga ƙarshe ya sakar miki, kuma shi da bakinsa ya faɗa a gidanki ranar rasuwa cewa bai taɓa yin asarar gardama mai albarka irin wannan ba.

Yanzu zan faɗi abin da kika rufa mini shekara bakwai.

Manhajar ta yi shekara biyu tana aiki lafiya. Wata Alhamis da rana, wajen ƙarfe uku, wata babbar mota ta yi karo da bas a kan hanyar shigowa gari, asibitoci suka cika, buƙatun jini suka riƙa shigowa kamar ruwan sama. Kina cin abincin rana a teburinki. Kina da wani ƙaramin allo a gefe wanda ba kowa ya san amfaninsa ba, yana nuna lamba biyu kawai: ledojin da aka yi wa marasa lafiya alkawari, da ledojin da aka ware musu a firji. Ya kamata kullum su zo daidai. Ran nan ɗaya ta nuna sittin da ɗaya, ɗaya ta nuna sittin. Ni da na gani da sai in ce allon ne bai sabunta ba. Ke kika ajiye cokali.

Cikin minti huɗu kin gano ledar. Jini ne irin wanda ba a cika samu ba, kuma manhajar ta yi alkawarinsa ga mutum biyu: wani da haɗarin ya rutsa da shi a babban asibiti, da wata mai jego da jini ya ɓalle mata a wani ƙaramin asibiti a bakin gari. An riga an ɗaura wa na farko. Mai babur na ƙaramin asibitin yana kan hanya zai ɗauko ledar da babu ita, likitocin can kuwa sun ga allo ya ce jini na tafe, sun daina nema. Wannan ne ya fi tayar miki da hankali, kamar yadda kika faɗa daga baya: ba rashin jinin ba, daina neman.

Na ga yadda kika yi. Ba ki ɗaga murya ba. Waya a kunne kina magana da Sista, hannu ɗaya a kan madannai kina tambayar rumbun bayanai kai tsaye, ba ta fuskar manhajar ba, tunda kin daina yarda da ita. Kika samo leda ɗaya tak irin wannan a wani asibiti da ke ɗaya gefen gari. Kika sa Sista ta kira su su fito da ita bakin ƙofa, kika sa Dogo ya nemo lambar mai babur ya juya shi a tsakiyar hanya, kika kira likitan mai jegon da kanki kika gaya masa gaskiya, cewa allon ya yi masa ƙarya, jinin zai makara da kusan minti arba'in, ya yi duk dabarar da zai iya. Sannan kika rufe ɓangaren alkawari na manhajar, kika aika wa asibitoci ashirin da uku saƙo cewa su koma tabbatarwa ta waya har sai kin ce. Matar ta rayu. Likitan ya ce da an ƙara kwata ɗin awa da wani labarin ake yi.

Ni na rubuta wannan ɓangaren. Na sani tun kafin ki buɗe shi.

Kwana uku kika yi kina neman asalin abin. Kika buga kod ɗina a takarda, kika buga na ginshiƙin kansa, shafi kusan ɗari biyu, kika shimfiɗa su a ƙasan ɗakin taro kina bi da fensir a durƙushe, kamar tela mai yankan yadi. A rana ta uku kika kira ni kika nuna mini. Buƙatu biyu sun shigo a tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba. Kod ɗina yana duba ko leda na nan, sannan ya sa mata alama. Tsakanin dubawa da sa alama na sa makulli, kamar yadda littafin ginshiƙin ya ce a yi, amma ban taɓa gwada abin da zai faru ba idan mutum biyu suka turo ƙofar lokaci ɗaya. Shi kuma makullin, a wani yanayi da ba a cika shiga ba, yana sakin kansa da wuri. Shekara tara wannan aibin yana kwance a cikin ginshiƙin da dubban ma'aikatu ke amfani da shi, idanu sun yi ta wucewa ta kansa, sai ke kika gan shi da fensir. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana.

Manaja ya so a gyara a yi shiru, tunda ba wanda ya mutu. Kika ce ba wanda ya mutu a nan, amma ba ki san ko wani ya mutu a wani wuri ba. Aka tara shugabannin asibitocin, kika tsaya a gabansu kika bayyana abin da ya faru dalla-dalla, da lokaci da minti. Wani daga cikinsu ya tambaya wa ya rubuta wurin. Ina zaune a baya, na fara miƙewa. Ba ki ko dube ni ba, kika ce:

"Mu muka rubuta. Ni na duba, ni na sa hannu. In akwai hukunci, ga ni."

Da yamma na same ki a matakala na ce zan ajiye aiki. Kika tambaye ni ko zan sake rubuta makulli ban gwada shi da mutum biyu ba. Na ce har abada. Kika ce to in na tafi sai ki ɗauko wanda wuta ba ta taɓa ƙona shi ba, ki jira ranar tasa, kuma ba ki da wata mai jegon da za ki bayar don karatunsa. Kika ce in je in wanke fuska in zo mu rubuta gyaran.

Gyaran layi goma sha ɗaya ne. Muka aika wa masu kula da ginshiƙin, mutanen da ke warwatse a ƙasashe daban-daban, ba mu taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Da farko wani a cikinsu ya ce abin ba zai yiwu ba. Kika rubuta ɗan gwajin da ke sa aibin ya fito a kowace kwamfuta cikin daƙiƙa biyar, kika aika ba tare da ƙarin kalma ba. Gani ya kori ji. Bayan mako uku suka karɓa, suka fitar da sanarwa ga duk masu amfani da shi, sannan suka roƙe ki ki shiga cikin masu duba gyare-gyaren da ake aiko musu. Kin yi shekara bakwai kina wannan aikin, kowace Asabar da safe, ba ko sisi, kafin ki kai tagwayenki wajen Inna, mahaifiyarki. Na taɓa tambayarki me kike samu. Kika ce shekara nawa muna kwana a ɗakin da wasu suka gina, in ka ga yana yoyo ai ba ka jira mai gida ba.

Ba zan ce ke mai sauƙi ce ba, don kin tsani a yi wa mamaci ƙarya. Kina iya mayar wa mutum aikinsa sau biyar. Kin hana a saki sabon gyara ranar jajibirin hutu, ko da Manaja zai yi birgima. Ranar Litinin ta farkon kowane wata kina zuwa ki kashe sabar gwaji da hannunki, ki ɗora agogo a tebur, ki ce mu dawo da komai daga kwafin ajiya kina kallo. Dogo ya sha cewa ke kaɗai ce ya sani mai cinna wa gidanta wuta don ta ga ko bokiti na yoyo. Ranar da bututun na'urar sanyaya ɗaki ya fashe ya jiƙa injinanmu na gaske, minti talatin da takwas muka yi muka dawo, Sista ma ba ta lura ba sai da aka ba ta labari. Tun ran nan Dogo bai sake wannan barkwancin ba, sai dai ya zo da agogon da kansa.

Wata takwas kafin rasuwarki kika canza mana. Idan muka zo da tambaya sai ki ce mu duba littafin aiki, in babu a ciki mu nemo amsar mu rubuta. Kika daina gyara abu da hannunki. Kika riƙa zama kusa da Mai Zane kina koya mata cikin manhaja, ita da ta ce ba ruwanta da can. Kika miƙa mini manyan makullan saba ɗaya bayan ɗaya, kina sa ni canza kalmar sirri a gabanki don ke ma kada ki sani. Mun yi ta gunaguni a bayan idonki. Ni har na ce wa Dogo da alama wani kamfani ya yi miki tayi, kina shirin tafiya ne. Allah Ya yafe mini. Kin riga kin karɓi sakamakon asibiti, ciwon daji ne, kuma likita ya gaya miki inda abin ya kai. Ke da maigidanki kaɗai kuka sani. Kina kwance kanki daga jikin aikin ne, zare bayan zare, don kada ranar da kika faɗi wani abu ya faɗi tare da ke. Shafi ɗari uku da goma sha biyu kika bar mana, har da abin da za a yi in Manaja ya ce a yi sauri.

Sai da maganin ya fara kayar da ke muka sani. A watan Fabrairu aka kwantar da ke, jininki ya yi ƙasa ƙwarai, kuma naki ma irin wanda ba a cika samu ba ne. Maigidanki ya kira ni da hantsi, muryarsa ba daidai ba. Ya ce an sa buƙatarki a manhaja tun jiya, akwai leda biyu a gari, amma mutum biyu na gabanki, kuma an gaya masa ni ke riƙe da makullin. Bai roƙe ni komai ba. Ya dai faɗa.

Kin gina abin ne yadda mu masu kula da shi ba ma ganin sunan mara lafiya, sai lamba da tsananin buƙata, kuma layin na bin hukuncin likitoci ne, ba na kowa ba. Amma wanda ke da babban makulli yana iya shiga ta ƙasa. Layi ɗaya zan rubuta. Na ɗauki kwamfutata na tafi asibiti, ban ma san me nake nufin yi ba. Na same ki a gado na uku kusa da taga, kin rame, leɓɓanki sun yi fari, maigidanki na zaune yana riƙe da kofin ruwa. Kika dubi jakar da ke kafaɗata, kika dube ni, na san kin karanta ni kamar takardar nan ta ranar farko.

"Mai Sauri," kika ce, "su waye biyun da ke gabana?"

Na ce ban sani ba, lamba ce kawai.

"To ni ma lamba ce. Ajiye jakar ka zauna."

Na ce Yaya, ba wanda zai sani. Kika ce manhajar za ta rubuta, don ke kika sa ta rubuta duk wanda ya taɓa layi, kuma ko ba ta rubuta ba akwai Mai rubutawa. Kika ce ranar da aka tsallake layi don ke, gobe za a tsallake don matar wani babba, jibi don wanda ya fi kusa da mai makulli, daga nan sai Sista ta koma ɓoye leda a ƙuryar firji. Numfashi na yi miki wuya, kina tsayawa tsakanin kalmomi. Sannan kika juya ga maigidanki kika ce ya yi haƙuri, kin san don ke ya yi. Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kika ce in ina son taimako, in je in nemo masu irin jinin su bayar, a zuba a layi, ya ishi na gabanki ya iso gare ki.

Haka muka yi. Mai Zane ta tsara sanarwa, Dogo ya bi shagunan layinmu ɗaya-ɗaya har da mai tayoyin ƙasa, Manaja ya kira duk wanda ya taɓa ba shi katin kasuwanci. Mutum sittin da huɗu suka zo cikin kwana biyu, uku daga ciki masu irin jininki. Sai da kika yi kwana biyu da yini kina jira, kuma na ga abin da jiran ya yi miki. Da ledar ta iso, Sista ce ta kawo ta da hannunta, ta tsallako gari don wannan, ko da yake ba aikinta ba ne. Ta ɗaura ta, ta tsaya tana kallon ɗigon. Ban taɓa ganin mutum ya riƙe amana har ta kai ga jinin jikinsa ba sai a kanki.

Kin ƙara mako bakwai bayan haka. Kin koma gida, kin ga sakamakon jarrabawar tagwaye, kin aiko mini da saƙo ɗaya a kan aiki, cewa akwai kuskuren rubutu a shafi na tamanin na littafin. Na duba, akwai.

Da muka je gaisuwa, Inna ta sa aka kira ni ciki. Tana zaune a bakin gadonki, autanki ya kwantar da kai a cinyarta. Ta ce shekara ashirin tana tambayarki aikin me kike yi, kullum sai ki ce aikin kwamfuta ne, Inna, ba abin labari ba. Ta ce yau ta ga mutanen da ba ta sani ba sun cika ƙofar gida, likitoci da masu babur, kuma tagwaye sun nuna mata saƙonni daga ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba. Ta ce in gaya mata da Hausar da za ta gane. Na ce Inna, idan mutum na bakin mutuwa don rashin jini a wannan asibiti, jinin kuma yana wancan, abin da 'yarki ta gina shi ke haɗa su, kuma yanzu haka da muke magana yana yi. Sannan ta tambaya ko zai tsaya tunda ba kya nan. Na ce a'a, kin tabbatar ba zai tsaya ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce:

"Ashe ba hannu wofi ta tafi ba."

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Mun shaida ta riƙe amanar da ba wanda ke gani, ta faɗi gaskiya a inda shiru ya fi sauƙi, ta rufa asirin na ƙasa da ita. Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mana. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Duk ran da aka ceto ta hanyar aikin hannunta, Ka kai mata ladan har inda take kwance. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan abokan aikinta, ga Inna, wadda ta haifa ta kuma tarbiyyantar. Ga maigidanta, wanda ya ɗauki nauyin sirrin ciwonta wata da watanni shi kaɗai bai gaza ba. Ga tagwayenta da autanta. Ga ƙannenta da dukkan dangi. Da Sista da ma'aikatan ɗakunan jini. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ta bari, Ya shirya mata zuriya. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Amin.